WANKIN TARU BAYAN DAREN BANZA

Karatu: Luka 5:1-11; Yohanna 21:1-14

A unguwar Kumbiya-Kumbiya, cikin birnin Gombe, akwai wani gidan haya inda fitilar ɗaki guda ba ta mutuwa sai wajen ƙarfe biyu na dare. Mai ɗakin magidanci ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, yana da mata da 'ya'ya biyu. Sana'arsa haɗa na'urorin sadarwa na kwamfuta. Irinsa ake kira sa'ad da intanet ya tsaya a ofis, ko kwamfutocin wani asibiti suka daina magana da juna. Da rana yana aikin mutane, da dare yana karatun wata jarrabawa wadda ya riga ya zauna mata sau uku, sau ukun kuwa bai ci ba.

Karo na uku ya fi ciwo. An sayar da filin da ya saya a bayan gari, an haɗa da kuɗin adashin matarsa. Ranar Lahadi kafin tafiyarsa an kira sunansa a gaban ekklesiya, dattawa suka ɗibiya masa hannu. Sakamako ya shigo wayarsa tun bai iso gida ba. Da ya yi sallama a ƙofa matar ba ta tambaye shi kome ba, fuskarsa ta riga ta ba da amsa. Washegari mahaifiyarsa ta bugo waya daga Kaltungo, ta ce, “Ɗana, anya babu hannu a cikin abin nan?” Lahadi uku a jere ba a gan shi a sujada ba.

Gidaje da yawa sun san irin wannan shirun, ko da ba su taɓa jin sunan jarrabawar ba. Wani gida JAMB ce, wani WAEC, wani kuma jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki. Amma ya kamata a bayyana wannan ɗin kaɗan, gama iyaye da mata da fastoci sukan yi hukunci a kan abin da ba su san nauyinsa ba.

WACE IRIN JARRABAWA CE?

Kamfanin Cisco na ƙasar Amurka yana ƙera na'urorin da suke raba wa saƙonni hanya a intanet. Yana kuma ba da takardun shaidar ƙwarewa hawa-hawa. Akwai CCNA, sai CCNP, sa'an nan CCIE, wanda aka kafa a 1993, shi ne na gwanaye. Kafin mutum ya sami wannan na ƙarshe sai ya ci rubutacciyar jarrabawa tukuna, bayan haka ya shiga jarrabawar aikin hannu ta awa 8 a yini guda. Kafin 2001 kwana biyu ake yi. A 2020 aka kasa ta kashi biyu: awa 3 na tsara yadda hanyar sadarwa za ta kasance, awa 5 kuma na ginawa, da tafiyarwa, da gyara. Dole mutum ya kai mizani a kowane kashi, ya kuma kai jimillar makin da ake nema. Wanda ya yi fice a kashi ɗaya ya gaza a ɗayan, ya faɗi ke nan.

Kuɗin zama sau ɗaya dala 1,600 ne, ba a kuwa mayarwa. A farkon 2023 dala guda tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Ashe a shekarar nan kuɗin zama kaɗai ya wuce naira miliyan biyu, ban da tikitin jirgi, da biza, da masauki, domin ɗakunan gwajin na dindindin suna birane masu nisa kamar Dubai da Burusal da Bangalor. Daga ƙarshen 2022 har tsakiyar 2024 ma bizar Dubai ta gagari 'yan Nijeriya. Wanda ya faɗi kuma sai ya jira kwana 30 kafin a yarda ya sāke zama.

Sananne ne a cikin masu sana'ar cewa faɗuwa a karon farko ba abin mamaki ba ne, har ga ƙwararrun da suke zaune inda wutar lantarki ba ta ƙiftawa. Balle mutumin Gombe, wanda yake auna karatunsa da cajin batiri da man janareta, wanda kuma ya ga yadda Arewa ta yi kwanaki cikin duhu a watan Oktoba na 2024. Ba a faɗi wannan domin a nema masa hujja ba. An faɗa ne domin uwa ta sani ɗanta ba daƙiƙi ba ne, matar kuma ta sani mijinta ba yawon buɗe ido ya tafi da kuɗin adashinta ba.

GWANI MA YAKAN KWANA BANZA

Bitrus ba ɗan koyo ba ne a Tekun Galili. A bakin ruwan nan yake zaune, kamun kifi ne abincinsa, ya san lokacin da kifi yake tasowa da inda yake taruwa. Duk da haka Luka ya nuna shi da abokan aikinsa sun kwana suna jefa taru suna jawowa, gari ya waye ba ko ɗan tsando. A lura, ba jefawa ɗaya aka yi ba. Daren masunci jefawa ce bayan jefawa, kowace da sa zuciyarta, kowace kuma ta komo da ruwa da ciyayi. Faɗuwa ce a kan faɗuwa, a cikin sana'ar da mutum yake taƙama da ita.

Littafi Mai Tsarki bai ce zunubin Bitrus ne ya kori kifi ba. Bai ce maƙiyi ne ya ɗaure ruwa ba. Bai ma ba da dalili ba sam. Wannan shirun na Nassi abin koyo ne ga masu bi na yau, waɗanda ba su iya ganin wahala su bar ta ba tare da sun rataya mata dalili ba. Almajirai ma sun yi haka a Yohanna sura 9, suka so su san ko makahon nan ne ya yi zunubi ko iyayensa, Ubangiji kuwa ya ture tambayar gaba ɗaya.

A nan ne wata koyarwa da ta cika gari take yi wa gidaje ɓarna. Ana cewa ɗan Allah ba ya faɗuwa, in ya faɗi kuwa, to, ko dai bangaskiyarsa ta kāsa, ko akwai la'anar kakanni, ko bai shuka iri mai kauri ba. Sai a ga saurayin da ya rigaya ya ƙarar da abin hannunsa ana kai shi wurin wani mai addu'a ya sāke biya. Yaƙin ruhaniya gaskiya ne, Afisawa sura 6 ta tabbatar. Amma mai cewa kowace faɗuwa aikin maƙiyi ce ya hana mutum abu biyu: ya hana shi ta'aziyya, domin ya sa shi zargin dangi da maƙwabta, ya kuma hana shi gyara, domin wanda ya gaskata an ɗaure shi ba zai koma ya duba inda ya yi kuskure ba. Takardar sakamako shaida ce a kan aikin awa 8. Ba ta da ikon faɗin matsayin mutum a gaban Allah. An riga an yanke wannan a kan gicciye, ba kuwa da maki ba.

Abin da ya fi daɗin lura a labarin shi ne inda Yesu ya zaɓa ya zauna. Taro ya matse shi, yana bukatar wurin koyarwa, sai ya shiga jirgin Bitrus. Jirgin da ya dawo wofi shi ya zama mumbari a safiyar nan. Da ya dawo shaƙe da kifi, da masu shi suna can suna ciniki. Mai bi wanda ya ɓuya daga sujada don kunya yana tsammani Ubangiji ba shi da abin yi da shi sai ranar da ya zo da shaida a bakinsa. Bitrus kuwa ya yi wa Ubangiji hidima tun hannunsa ba kome, da idanu jajaye don rashin barci.

ABIN DA AKA TARAR SUNA YI

Sa'ad da Yesu ya iso, masuntan suna wanke tarunansu. Ba su yashe su a bakin gaɓa sun tafi suna gunaguni ba, ba su kuma koma ruwa nan take cikin fushi ba. Wankin taru aiki ne na haƙuri mara daɗi: a cire ciyawa, a kakkaɓe yashi, a bi ido-ido a ga inda zare ya tsinke. Markus 1:19 ma ta nuna 'ya'yan Zabadi suna gyaran taru sa'ad da aka kira su. (Abin sha'awa, sunan da Turawa suka ba wannan sana'a ta haɗa kwamfutoci daga kalmarsu ta taru ya fito.)

Wanda ya faɗi sau uku yana bukatar wannan aiki fiye da yadda yake bukatar sabon tikiti. Takardar sakamako takan nuna fannin da mutum ya gaza. Da yawa ba sa son kallonta. Sukan rufe ta, su koma karanta abin da suka riga suka iya, domin can ne zuciya take samun sanyi. Wannan ba shiri ba ne, lallashin kai ne. Tambayoyin da suke da amfani masu zafi ne. A wuri ɗaya ne ake ta faɗuwa, ko wurin yana sauyawa? Rashin sani ne, ko lokaci ne yake ƙarewa? Mutum ya taɓa zama awa 8 cur a gida, agogo a gabansa, waya a kashe, yana aiki kamar ranar jarrabawa? Yana karanta umarni har ƙarshe kafin ya sa hannu? Masu sana'ar sun san mutum zai iya gina abin da yake aiki sarai, a hana shi maki domin ba ta hanyar da aka umarta ya bi ba. Karin Magana ta yi ta nanata darajar shawara da karɓar tsautawa. Neman wanda ya riga ya ci domin ya duba aikin mutum, ya faɗa masa gaskiya ba sakayawa, tawali'u ne, tawali'u kuwa ba ƙaramin sashe ba ne na bangaskiya.

Akwai kuma jiki. Sa'ad da Iliya ya zauna a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a yi masa wata magana. Mai barcin awa uku shekara biyu a jere ba ƙwazo kaɗai yake nunawa ba, yana cin bashin da jiki zai karɓa. Kwana 30 ɗin da dokar jarrabawa ta sa mafi ƙaranci ne, ba umarni ba ne cewa a koma a rana ta talatin da ɗaya. In kuwa baƙin ciki ya kai ga mutum ba ya ci, ba ya barci, ko yana maganar gara ya mutu, kada iyali su ce zai wuce. A sanar da fasto, a kuma kai shi wurin likita. Yin ɗaya bai hana ɗayan ba.

Bayan faɗuwa ta biyu ko ta uku ne wata murya takan zo a hankali. A intanet akwai masu sayar da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa, suna alkawarin ci ba shakka. Za a ce masa kowa haka yake yi, har ma a ce wata ƙofa ce Allah ya buɗe. Duk mai shiga jarrabawar nan yakan amince da yarjejeniyar riƙe asirinta, kamfanin kuma yana da ikon ƙwace takarda da hana mutum sāke zama. Ko da ba a kama shi ba, Karin Magana 11:1 ta riga ta faɗi yadda Ubangiji yake kallon ma'aunin algus. Takardar shaida ma'auni ce: tana gaya wa asibiti ko banki cewa mai riƙe da ita zai iya ta da abin da ya faɗi da tsakar dare. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da na'urori suka tsaya babu takardar da za ta gyara su. Mai bi wanda ya faɗi sau biyar da hannu mai tsabta bai jawo wa sunan Kristi zargi ba. Wanda ya tsaya a gaban ekklesiya yana ba da shaidar nasarar da ya saya, ya jawo.

A KOMA NE, KO A DAKATA?

Wannan ita ce tambayar da take raba kan miji da mata, ba ta kuwa da amsa ɗaya ga kowa. Bitrus ya koma ruwa, amma bisa ga maganar Ubangiji, ba domin ya huce haushi ba. Ubangijin nan da ya ce a sāke jefa taru shi ne kuma ya ce a Luka 14:28-30 mai son gina hasumiya ya zauna tukuna ya yi lissafi. Sau da yawa jimrewa da taurin kai tufa ɗaya suke sawa. Ana bambanta su da tambaya guda: wa yake biyan kuɗin? In kuɗin makarantar yara ne, ko kuɗin haya, ko bashi mai ruwa, to, 1 Timoti 5:8 tana da magana mai kaifi a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Matar da ta ba da adashinta tana da bakin magana a kan tafiya ta huɗu. Ba rashin bangaskiya ba ne su zauna su biyu su sa iyaka, su ce sai an tara kaza ba tare da an taɓa kaza ba, sai kuma gwajin gida ya nuna an shirya.

Tarihin bishara a ƙasar nan yana da abin faɗa a kan haka. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin nan a lokacin. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke mayar da shi. A yunƙuri na uku ne aka kafa tasha a Patigi a 1902. Masu wa'azi suna son tsayawa a nan su ce, ga shi, na uku ya yi. Amma akwai abin da akan tsallake: Bingham ba ya cikin waɗanda suka kafa tashar. Waɗansu ne suka zo, shi kuwa ya zauna a Kanada yana neman ma'aikata da kuɗi, ya bi da aikin har rasuwarsa a 1942. Daga wannan aiki ne bishara ta iso Kaltungo a 1917, daga cikinsa kuma aka kafa ECWA a 1954. Kiran bai mutu ba, amma rabon da aka ba shi a ciki ba shi ne wanda ya fara nema ba. Haka Dawuda ya so gina Haikali, aka yaba masa nufin zuciyarsa, aka ba ɗansa ginin.

Saboda haka wani zai koma karo na huɗu ya ci, a yi murna da shi. Wani kuma zai gane cewa shekarun da ya yi yana shiri sun riga sun mai da shi gwani ko ba lambar CCIE a bayan sunansa, ya ci gaba da aiki da takardun da yake da su, ya koya wa matasan unguwa abin da ya sani. Gombe ta zama jiha a 1996, ta sami jami'ar jiha a 2004, da ta tarayya a Kashere a 2011. Ofisoshi da makarantu da asibitocinta suna bukatar hannun da ya iya aiki. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙaya, amsar da ya samu ba ɗaukewa ba ce, alheri ne mai isarwa. Bai ƙidaya wannan a cikin addu'o'in da ba a amsa ba.

GARWASHI A BAKIN GAƁA

Daren banza na biyu yana Yohanna sura 21. A wannan karo Bitrus yana ɗauke da abin da ya fi rashin kifi nauyi, gama ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ya koma tsohuwar sana'arsa, ita ma ta ƙi shi dare guda cur. Da asuba Yesu yana tsaye a gaɓa. Suka jefa taru bisa ga maganarsa, aka ƙidaya manyan kifaye 153. Amma da suka fito tudu sai suka tarar da garwashi, da kifi a kai, da gurasa. Karin kumallon nan ba daga tarunsu aka fara shi ba, an riga an hura wuta tun suna cikin ruwa. Sai da suka ci suka ƙoshi kafin Ubangiji ya ɗauko magana mai wuya da Bitrus.

Iyali da ekklesiya sukan juya wannan tsari. Mutum bai ajiye jaka ba an fara: me ya faru kuma, nawa aka kashe, ai ɗan wance sau ɗaya ya zauna. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Su ma dattawan da suka ɗibiya hannu kafin tafiya, aikinsu bai ƙare a ranar ba. Ekklesiyar da take kiran suna a gaban jama'a sa'ad da ake sa rai, ta kuma yi tsit sa'ad da aka dawo wofi, ta koya wa 'ya'yanta cewa masu nasara kaɗai take so. Lokacin shaida a sujada ya cika da waɗanda suka samu. Da wuya a ji an ba wani dama ya ce ya nema bai samu ba, Ubangiji kuwa yana riƙe da shi har yanzu. Matar ma tana da nata ciwo, ita ce ta yi shekaru tana hana yara ƙwanƙwasa ƙofar babansu, bai kamata Zumuntar Mata su bar ta ta haɗiye shi ita kaɗai ba.

A gidan nan na Kumbiya-Kumbiya, a mako na huɗu, wani dattijon ekklesiya ya zo da yamma a kan babur. Bai zo da wa'azi ba. Ya gaisa da maƙwabta a ƙofa, ya shiga ya zauna a tabarma, matar gida ta kawo tuwo da miyar kuka suka ci tare. Ya tambayi lafiyar yara, ya tambayi Mama a Kaltungo. Da zai tafi ya ce, “Ɗana, lasifikar majami'a ta yi mako uku tana ƙara, ba wanda ya san kanta sai kai. Ka zo da wuri ran Lahadi.” Maigidan ya raka shi har bakin titi. Da ya komo sai ya buɗe takardar sakamakon da ya ƙi kallo tun ranar da ta zo, ya kira matarsa ya ce ta kawo littafin da take rubuta kuɗin cefane.